Motar Baban Jemimah Ba Ta Iya Sannu-Sannu Ba

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Ezekiel Gofwan a unguwar Television, kuma katangar ba ta kai kafaɗata ba, saboda haka in na ba da labarinsa ba ji na yi a bakin wani ba. Kowa a layinmu Baban Jemimah yake ce masa, ni kuma Maman Hope. Na san tarinsa, na san ranar da matarsa Damaris ke dafa gwate, na kuma san kukan motarsa fiye da muryar wasu jikokina. Wannan kukan ya hana ni barcin safiyar Asabar har na gaji da tsaki, don haka kada wani ya nemi in yi masa adalcin da ya fi ƙarfina.

Daga wani ƙauye kusa da Pankshin ya zo Kaduna yana saurayi, da akwatin ƙarfe da takalmi ƙafa ɗaya. Ya sami aiki a wata masaƙa a Kakuri, zamanin da in aka busa tashi kekuna ke cika titi har mutum ya rasa wurin tsallakawa. Bai taɓa sa hannu a inji ba. A sito yake, yana karɓar atamfa yana sallamar atamfa. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ya fara gaishe ka sai ka ajiye kayan da ke kanka. A coci shi ke raba littattafan waƙa, kuma kafin ya kai layin baya an kusa gama baiti na biyu.

Motar kuwa Fijo ce, 504, mai ruwan madara. Ya saye ta a hannun wani ogansu da zai bar aiki, a lokacin da cikin Damaris ya tsufa. Babban aikinta na farko shi ne ɗauko jaririya daga asibiti. Damaris ta ba mu wannan labari a taron zumuntar mata har mun haddace. Ta ce tsabar tsoron kada rami ya girgiza yarinyar, Ezekiel ya riƙa jan motar a hankali har wata mata mai ɗauke da doya a ka ta cim musu, ta leƙo ta taga, ta yi musu barka, ta tambaya mace ce ko namiji, ta sa wa jaririya albarka, sannan ta wuce su ta yi gaba. Jemimah ita kaɗai Allah ya ba su, kuma da wannan labarin ta girma. In ta yi kuka shi ake ba ta ta yi shiru.

Da aka rufe masaƙa bai yi surutu ba. Ya ɗan yi kabu-kabu tsakanin tashar Television da Sabon Tasha, fasinjoji suna yi masa tsiya cewa in suna sauri gara su taka da ƙafa. Da wannan, da ɗan cinikin dankalin da Damaris ke kawowa daga gida, aka yi wa Jemimah makaranta har ta zama nas. Da ta fara ɗaukar albashi ta ce ya huta haka nan, ta kuma saya masa babbar waya don ya riƙa jin wa'azi. Na sha gaya mata cewa da rediyo ta saya masa da mun zauna lafiya.

Abin ya faro ne a hawan gada. Suna dawowa daga tasha, but cike da buhunan dankali, motar tana nishi tana hawa, sai wani mai keke Napep ya zo ya jera da su. Yaron ya leƙo ya ce, "Baba, ko a tura ne?" Ya ƙara wuta ya bar su. Damaris ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita ta ce mini daga baya a duk zaman aurensu ba ta taɓa yin dariyar da ta ja mata wahala kamar wannan ba.

Mutumin da aka yi shekaru ana yi wa ba'a bai kula ba, ban san abin da ya sa wannan ta shige shi ba. Wataƙila tsufa ne, wataƙila zaman banza ne. Abin da na sani shi ne wa'azi ya ƙare a wayar nan. Sai muryoyin Turawa masu gemu, kowanne a garejin da ya fi ɗakin tiyata tsabta, suna bayanin yadda ake ƙara wa mota ƙarfi. Wata safiya ina shanya sai ya ɗora haɓa a kan katanga.

"Maman Hope, kin san injin mota numfashi yake yi kamar ni da ke?"

Na ce ban sani ba, kuma ban nema ba.

"Akwai wani ƙarfe mai rassa, manifol sunansa. Shi ne maƙogwaron inji. Ta nan iska da mai ke bi daga kafireto su shiga ciki. Na motar nan siriri ne. Tun ranar da aka ƙera ta da mura take fama, ba wanda ya lura."

Na ce, "To ka ba ta citta da lemun tsami."

Bai yi dariya ba. Nan na gane abin ya yi nisa.

Makanikensa Cyril ne, wani Inyamuri mai gareji a gindin mangwaro a Kakuri, wanda ya iya Hausa kamar jakin Kano in ciniki ake yi, ya kuma manta ta in an dawo da ƙorafi. Ban taɓa jin Cyril ya ce wa mai mota a'a ba. In ka ce kana son a sa wa motarka fukafukai, zai tambaye ka na gaba ko na baya. Da Baban Jemimah ya nuna masa hoton a waya, sai ya shafa kai ya ce, "Baba, ai tuntuni nake son in gaya maka. Akwai ɗan'uwana a Onitsha, zai aiko da ɗan Beljiyam. In mun ɗaura shi, e go fly."

Manifol ya iso a cikin buhun shinkafa, mai faɗin baki, tare da wani kafireto mai maƙogwaro biyu. Ba na Fijo ba ne, ba kuma wanda ya san na wace mota ce. Ramukan ƙusa ba su hau ba. Aka kai wa mai walda, aka kai wa mai gogewa, aka yanka kwali aka yi masa abin toshe tsakani, har dai aka tilasta musu zama tare. Ranar da motar ta dawo gida Baban Jemimah ya buɗe bonet ya kira mu kallo. Ya ce an ƙara mata doki goma. Damaris ta leƙa ciki ta daɗe, ta ce ita dai ba ta ga ko jaki ba, amma ta ji ƙaurin fetur.

Ashe wannan somin taɓi ne. Turawan waya suka ce injin da ya sha iska da yawa dole ya fitar da yawa, sai aka yanke salansa aka sa wani bututu mai faɗin gwangwanin madara. Daga ranar kajin layinmu suka rage ƙwai, ko dai haka masu su ke cewa. Aka ciro wani sandan ƙarfe a cikin injin, kamshaf, aka kai aka goge shi don ƙofofin iska su daɗe a buɗe. Wannan shi ya kashe mata abin da makanikai ke kira silo, wato ɗan kukan da mota ke yi in tana tsaye ba a taka komai ba. Ta koma in ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi tari ta mutu. Don haka duk mahaɗar da ya tsaya sai ya riƙa ba ta wuta, tana gurnani, mutane suna waiwayowa suna neman wanda ya yi masa laifi.

Sai aka zo kan nauyi. Ya ce kowane kaya da mota ke ɗauka doki yake ci. Tayar safaya ta fita. Kujerar baya ta fita, aka jingine ta a baranda, kyanwarsu ta gaje ta. Wata Lahadi suna shirin tafiya coci ya tsaya yana duban Damaris daga sama har ƙasa, kamar mai awon hatsi. Ta ce, "Baban Jemimah, in ka ƙara yi mini wannan kallon, yau a garejin Cyril za ka ci tuwo." Ta ɗauki jakarta ta tare keke, kuma tun daga ranar ba ta sake shiga motar ba.

Na ƙarshe da ya fita shi ne fanka, wadda ke bayan lagireto tana hura wa inji iska. Wani Bature ya ce tana cinye ƙarfi a banza, domin motar da ke gudu iskar hanya ta ishe ta sanyi. Cyril ya ce gaskiya ne, shi ma ya taɓa jin haka. Ba wanda ya tambayi Baturen ko ya taɓa bin ta kasuwar Sabo ranar Asabar. Damaris ta tsinci fankar a tsakar gida ta rataye ta a ƙusa a cikin kicin, kusa da rariya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, ina za a yi gudun? A unguwarmu duk mai gidan da ya sami ragowar siminti sai ya gina tudu a ƙofarsa don kare yaransa. Inda babu tudu akwai rami, inda babu rami akwai mai gasa masara. In ka fita babban titi ga keke, ga tirela, ga masu coci sun taso. A cikin Television motar nan ba ta taɓa ganin giya ta uku ba. Shi ya sa yake fita da sassafe ranar Asabar, kafin gari ya cika, ya nufi hanyar Rido ya gwada ta. Ya dawo fuska na ƙyalli, ya ce yau allurar gudu ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba. Shaidarsa ɗaya ita ce allurar, ita kuwa ba ta magana. Duk da haka ba zan ɓoye ba, tun rufe masaƙa ban ga mutumin nan yana tafiya da ƙirji a gaba ba sai a wannan lokacin.

Ana cikin haka Jemimah ta kawo miji, Matthew, malamin makaranta, yaro mai kunya, iyayensa suna zaune a wajen Rido. Aka yi duk abin da ake yi, aka sa rana. Dangin ango suka ce akwai kawunsu mai jif, zai bayar a ɗauki amarya. Ina gidan ranar, muna raba zannuwan anko da Damaris, Jemimah ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar ubanta.

"Baba, ba na son jif ɗin. Abu biyu kawai nake roƙo. Motar da ka ɗauko ni daga asibiti, ita nake so ta kai ni coci. In mun isa kuma, kai za ka riƙe hannuna ka kai ni gaba, in Rabaran ya tambaya kai za ka amsa."

Ya cire gilashi ya share ido. Ya ce ko ba ta roƙa ba haka za a yi. Ni ma sai da na ji ƙwalla, don yarinyar nan a hannuna ta yi wayo. Sai dai ita tana maganar motar da mai doya ta wuce, shi kuma abin da ya ji shi ne za a yi taron da duk Television da Rido za su ga dawakansa.

A cocinmu akwai al'ada. In 'yar wata daga cikin zumuntar mata za ta yi aure, mu muke raka ta tun daga ƙofar gida har ƙofar coci, da ƙafa, da waƙa. Muna gaba, motar amarya tana bin mu a baya. Ni ce mai buga tulu. Shugabarmu tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, kuma takunta shi ne takun kowa. Duk mahaɗar da muka isa sai mun tsaya mun taka rawa, don mutanen wannan layi su san 'yar gidan mutunci ce za ta wuce. Baban Jemimah ya san wannan sarai, ya sha tsayawa a bakin hanya yana tafa mana.

Makon bikin kowa yana kan tukunya, shi yana gindin mangwaro shi da Cyril suna ƙara wa kafireto faɗin hanci. Ya dai mayar da kujerar baya, bayan an yi rigima da kyanwa. Na tare shi a kan katanga.

"Baban Jemimah, ka tuna tafiyar ƙafa za mu yi fa. Motar nan taka ta iya bin tsofaffi?"

"Maman Hope, motar da ta iya babban aiki ƙarami ne zai gagare ta?"

Damaris ta fito daga kicin da fanka a hannu, duk ta yi baƙin hayaƙi. Ta ce, "Ni ban san inji ba, amma wanda ya ƙera motar nan bai sa wannan don ado ba. Ka mayar."

Ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce daga nan zuwa coci ai ko shayi ba zai huce ba, balle inji ya yi zafi. Ya ajiye ta a kan taga.

Ranar auren gari ya waye tas, rana ta fito da wuri. An wanke mota an ɗaura mata ribon da balan-balan. Baban Jemimah ya sha kwat ɗin da ya yi aure da ita, ta ɗan matse shi a ciki. Jemimah ta fito cikin farar riga, ƙawarta tana riƙe da jelar, suka shiga baya. Damaris tana cikinmu, ta ci ɗamara. Shugaba ta ɗaga murya ta ba da waƙa, muka amsa, sai ya tayar da mota.

Daga nan ba wanda ya ƙara jin waƙa. In ya sassauta ƙafa za ta mutu, don haka ƙafa ɗaya tana kan totur, ɗaya tana wasa da kuloci, motar tana ruri a bayanmu tana zabura tana tsayawa. Ina dukan tulu da duk ƙarfina, ni kaina ba na jin sa. Matan layin baya suka riƙa waiwaye suna tattare zani, don ba wadda ke son a ce a bikin Jemimah Fijo ta hau ta. Yara suka biyo mu suna toshe kunne. Shugaba ta juyo ta yi masa kallon da take yi wa masu barci a lokacin wa'azi, shi kuwa ya ɗaga mata hannu yana murmushi, a zatonsa yabo ne.

A mahaɗar farko muka tsaya rawa, kamar yadda aka saba. Motar ta tsaya tana ihu a wuri ɗaya, babu iskar hanya, babu fanka. A mahaɗa ta biyu na fara jin wani ƙauri kamar an bar tukunya a wuta babu ruwa. Muna isa tudun da ke gaban kemis, daidai inda masu keke ke jiran fasinja, ta yi tari ta mutu. Tururi ya taso ta ko'ina a bonet, balan-balan guda ta fashe. Shirun da ya biyo baya har daɗi ya yi mini a kunne.

Ya fito ya ɗaga bonet, tururi ya rufe masa gilashi. Ya murza makulli, ta yi ƙugi ta ƙi. Daga inda muke ana hango rufin coci. Masu keke suka taso su wajen biyar, suka kewaye motar, kuma na rantse babu mai dariya a cikinsu. Babbansu ya cire hula ya ce, "Baba, ko a tura ne? Amarya ta yi zamanta, mu kai ku har ƙofa. Ba komai, ai 'yarmu ce."

Da ya ce to, da yanzu labarin dariya nake ba ku. Da an kai amarya a motar da ta roƙa, da tafiyar da ta roƙa, ubanta yana riƙe da sitiyari. Amma na ga fuskarsa ta canza tun daga kalmar farko. Ya ce, "Ba a tura motar nan. Zafi kawai ta ɗauka. Ku matsa ku ba ta iska."

Jemimah ta buɗe ƙofa ta fito, ta tattare rigarta daga ƙasa. Ta zo har gaban mota inda yake.

"Baba, ka bari su tura."

"A gaban surukai? A'a, 'yata."

"To rufe ta mu tafi da ƙafa. Ga coci can. Motar ba dole ba ce, kai nake so."

"Ku yi gaba. Yanzu za ta huce in zuba mata ruwa. Kafin ku kai kwana na cim muku, ki koma ciki mu isa tare. Ba ki san abin da motar nan ke yi ba in ta sami hanya."

Ta tsaya tana dubansa, shi yana duban lagireto. Damaris ta zo ta kama hannunta. Muka sa amarya a tsakiya, shugaba ta sake ba da waƙa, wannan karon har ƙarshen layi ana jin mu. Mutane suka fito ƙofar gida suna cewa ba su taɓa ganin rakiya mai kyau irin wannan ba. Ni da ke kusa da ita na ga yadda take waiwaye, har muka sha kwana.

Rabaran ɗinmu ba ya wasa da lokaci, ga kuma wani auren yana jira bayan namu, danginsu har sun fara taruwa a inuwa. Duk da haka ya yi ƙoƙari. Ya sa aka yi waƙa, aka ƙara wata, ya yi addu'ar da ta zaga duniya ta dawo. Jemimah tana tsaye a bakin ƙofa ta ƙi shiga. Daga ƙarshe wani dattijon coci ya zo ya yi wa Damaris raɗa, ita kuma ta yi wa 'yarta. Suka shigo su biyu.

Da aka zo wurin, Rabaran ya tambaya wane ne yake ba da wannan ɗiya aure. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa, mu ma duka muka duba. Babu kowa sai yara. Damaris ta ce, "Ni ce, uwarta." Ta ɗauki hannun Jemimah ta sa a na Matthew, ta koma ta zauna ta rufe fuska da gefen ɗankwali.

Ba a daɗe ba na jiyo shi. Ni ce na fara ji, don kunnena ya saba. Kukan ya taso daga nesa, ya sauya murya, ya sake sauyawa, ya kai wani wurin da ban taɓa jin ya kai ba. Rabin unguwa suna cikin coci, hanya ta zama tasa shi kaɗai. Waɗanda ke waje sun ce ba su taɓa ganin mota ta yi irin wannan gudu a Television ba, wai tudun ƙarshe ma tsallake shi ta yi, ribon na tashi a bayanta. Har yau masu keke suna ba da labarin. Ya ci birki a harabar coci daidai lokacin da Matthew ke sa wa matarsa zobe.

Ya shigo ya tsaya a baya, wurin da ya saba tsayawa da littattafan waƙa. Kwat ta jiƙe, hannun dama a naɗe da hankici, don murfin lagireto ya ƙone shi garin sauri. Ya dubi gaba ya ga inda aka kai. Bai matso ba, kuma ba wanda ya kira shi. Na yi niyyar in harare shi, na kasa. Tausayinsa ne ya kama ni, ban kuwa so ba.

Da aka fito ɗaukar hoto ya je wurinta.

"Jemimah, ta tashi. Da kin ga yadda ta..."

"Na ji ta, Baba. Duk coci sun ji ta."

"To zo in kai ku wurin liyafa, ke da mijinki."

"Ba gudu na roƙe ka ba, Baba."

Ta kama hannunsa ta warware hankicin ta duba ƙunar. Ta ce ya sa a ruwa mai sanyi, kada ya bari kowa ya shafa masa man goge baki. Sannan ta shiga jif ɗin kawun ango.

Bayan biki Cyril ya zo har gida da albishir. Ya ce ya gano matsalar, lagireto ne ya yi ƙanƙanta, kuma ɗan'uwansa na Onitsha yana da wani babba. Baban Jemimah ya ce tsohon manifol ɗinsa yake so, da tsohon kafireto, da duk abin da aka cire. Nan take Hausar Cyril ta gudu. Da ƙyar aka gane ya daɗe da sayar wa 'yan gwangwan. Baban Jemimah ya yi watanni yana yawo daga Kakuri zuwa kasuwar Panteka, yana leƙa cikin matattun Fijo, har ya haɗa kayan ɗaya bayan ɗaya. Fanka kuwa tana kan taga inda ya bar ta, shi da kansa ya ɗaura ta, ya ƙuje yatsu.

Yanzu safiyar Asabar shiru ne a layinmu, ni kuma barcin ya ƙi dawowa. Jemimah tana zuwa gaishe su, tana kawo masa maganin hawan jini, tana durƙusawa kamar kullum. Maganar ranar biki ba ta taɓa tayarwa ba, shi ma haka. Cikinta ya tsufa. Ya aika Damaris ta tambaye ta wa zai ɗauko su daga asibiti in ta sauka lafiya. Ta ce kawun Matthew ya riga ya yi tayi, amma za ta gani.

Da ya ji wannan amsa sai ya sa wa kujerar baya sabuwar atamfa. Duk Asabar sai ya fito da motar, ya bi hanyar nan daga ƙofar gida zuwa coci, ya tsaya a kowace mahaɗa, ya lallaɓa kowane tudu. Makon jiya zan je koyon waƙa, tulu a kai, gwiwata tana damuna, na cim masa a gaban kemis. Na leƙa ta taga na gaishe shi, ya amsa, na wuce shi na yi gaba. Da na kai kwana na waiwaya, yana can baya yana tahowa, yana ta duba madubi kamar akwai wani a kujerar baya.